Gidan da Mamata Ta Yi Wa Fenti

Mamata sunanta Rhoda amma ba mai kiranta haka, duk Sabon Tasha Maman Grace ake ce mata. Grace ita ce babbar yayarmu tana aure a Kafanchan, sai Vicky, sai ni Lizzy auta, duk mata ne mu babu namiji ko ɗaya.

Aikinta ɗaukar kankare. In kun taɓa wucewa inda ake zuba dekin ɗin bene a Barnawa kun ga matan nan da kwano a ka suna hawa katako suna sauka, siminti ya ci masu ƙafa ya yi fari fat, to mamata tana cikinsu tun ban san kaina ba. Gashin tsakiyar kanta babu, kwanon kankare ya cinye shi tas, shi ya sa ko a cikin ɗaki ba za ka ganta ba ɗankwali ba. Babanmu Ishaya kuma mai gadi ne a wata masaƙa a Kakuri, mutumin kirki ne Allah ya sani, ba ya duka ba ya zagi, sai dai albashinsa a gidan burkutu yake ƙarewa kafin ya iso gida. Ya rasu ana saura kaɗan soja su miƙa mulki, ciwon hanta, aka kai shi ƙauyenmu can wajen Zonkwa aka binne.

Filin gidanmu baba ne ya saya tun wurin yana daji, wannan kam ba zan yi ƙarya ba. Amma ko bulo ɗaya bai ɗora ba. Mama ce in an yi ruwan sama take zuwa rafi ta kwaso yashi ta tara, ita ce take roƙon 'yan kwangila ɗan simintin da ya rage a gindin buhu, ranar Asabar ta ari abin buga bulo ta buga da hannunta. Ɗaki ɗaya, sai bayan shekaru wani ɗaki, sai falo, haka haka har ya zama gida. To amma ba filasta ba fenti, bulo tsirara, ƙofar waje langalanga ce da aka ɗaure da waya, ga kwata a gaba tana wari. Titi ya zo ya bi ta ƙofarmu daga baya, gidaje suka kewaye mu, namu dai yana nan kamar an manta da shi. Kango ake ce masa a unguwa, in ana kwatance sai ka ji an ce ka wuce kangon nan ka yi dama.

Mutanen ƙauyenmu da ke Kaduna suna da mitin duk ƙarshen wata ranar Lahadi bayan coci, gida gida ake zagayawa, wanda abin ya zo kansa ya dafa shinkafa ya dama kunu. Mama ba ta fashi, ko jikinta na ciwo sai ta je. Amma duk lokacin da layi ya zo kanta sai ta ce ba ta da lafiya, ko ta roƙi wata ta karɓa mata ta kai shinkafar can. Kunya take ji. Akwai ƙanin babanmu Baba Wilson, direba ne a wani ofis, yana da gidansa mai fenti a can ƙetaren gadar kogin Kaduna, shi sau ɗaya na taɓa ganinsa a gidanmu kuma bai zauna ba. Ranar da aka binne baba da dangi suka zauna suna tambaya me Ishaya ya bari, shi ne ya ce, "Wani kango ne a daji, a bar wa matarmu ta rufa asiri da yaranta." Har dariya aka yi, ina wurin.

To sai farar hula suka hau, kowa na murna wai za a ji daɗi, ba a daɗe ba rikicin nan ya tashi a garin nan, ba sai na gaya wa kowa ba. Bayan nan gari ya rabe, Musulmin da muke tare da su suna kwashe kaya suna haye gada, Malam Garba mai nama da muka tashi muna cin tsirensa bashi ya tafi ko sallama ba mu yi ba, Kiristocin can kuma suna kwararowa nan da katifa a ka. Kowa ɗaki yake nema kowa gida yake nema, dillalai kamar ƙuda.

A lokacin wuyan mama ya riga ya lalace. In ta tashi da safe sai ta juyo da duk jikinta kafin ta kalle ka, hannunta na dama yana mutuwa, a asibiti suka ce ta daina ɗaukar kaya in ba haka ba wata rana za ta kwanta ba za ta tashi ba. Shi ne ta yi tunani ta sayar da gidan nan, ta je can gaba wajen Maraban Rido inda fili bai yi tsada ba ta yi ɗan ɗaki biyu, ta sayi injin markaɗe ta zauna a kujera tana aiki. Abin da take so ke nan duk duniya, ta sauke kwanon nan daga kanta.

Wani dillali ya zo, Tagwai, ɗan siriri mai baki kamar rediyo. Ya tsaya a titi ya riƙe ƙugu ya kalli gidan ya toshe hanci.

Ya ce, "Mama wurin nan zinariya ne, bakin titi ne fa. Amma wa zai saya a haka? Ko akuya za ki kai kasuwa ai kya share mata jiki."

Mama ta ce, "Ɗana ginin mai ƙarfi ne, ni na buga bulon, ka sa guduma ka gani."

"Mama ba wanda ke zuwa da guduma, da ido ake zuwa. Ki bar ciki yadda yake, gaban kawai za ki gyara. Filasta, fenti, get, ki rufe kwatar nan don Allah kafin ta kashe ni, ki ɗan sa fulawa. In mai saye ya sauko daga mota ya ce kai, to an gama."

"In bai ce kai ba fa?"

"Sai ki rage mini la'ada."

Mama ta sayar da aladun da take kiwo a bayan gida, ta kwashi adashinta, aka fara. Ƙawayenta 'yan kankare suka zo ranar Asabar ba ta biya su ko sisi ba, suna kwaɓa siminti suna waƙar zumuntar matan coci, wani birkila da suka saba aiki tare ya ja filasta sumul. Fenti kuma mu muka shafa, ni da Vicky da ita, sama ruwan madara ƙasa ruwan ƙasa don kada taɓo ya nuna. Mama ba ta iya ɗaga kai sama amma sai da ta hau benci ta kama burushi da hannun hagu, in muka ce ta sauko sai ta ce ku ba ku iya ba kuna barin layi. Mai walda ya kawo get muka shafa masa ja. Kwatar nan mama ta shiga da kanta ta yashe ta aka rufe da silab. Ta samo tsofaffin tayoyi wajen mai faci ta binne rabi rabi ta jera su ta shafa masu fari. Fulawa kuwa ba ta saya ba, gidajen manyan Barnawa da ta yi wa aiki ta bi tana roƙon masu gadi su karyo mata reshe, ta zo ta dasa, ruwan wankanmu ba a zubarwa sai a gindinsu.

Ranar da aka gama ta wanke hannu ta tsallaka titi ta tsaya can gefen mai faci tana kallo. Ta daɗe. Na je na same ta, ba ta ko juyo ba ta ce, "Lizzy ashe haka yake." Shi ke nan abin da ta ce.

Wallahi gidan ya yi kyau. Masu wucewa sai sun rage tafiya, wata mata har ta tambaye ni ko wani soja ne ya saya. Tagwai ya kawo wata nas, Madam Scholastica, 'yar Filato ce ita ma daga ƙetaren gada ta gudo. Tana saukowa daga mota ta ce kai, Tagwai ya kalli mama ya kashe ido. Suka shirya a kan sai maigidanta ya dawo daga tafiya nan da wata biyu a zo a gama. Da za su tafi Tagwai ya dawo da baya ya ce, "Mama don girman Allah ki ja bakinki ki yi shiru har a gama. Ko fasto kada ki gaya wa."

To a nan ne. Mama ta je mitin na wannan watan, ana tambaya gidan wa za a je wata mai zuwa, ba layinta ba ne ma, kawai ta ɗaga hannu ta ce gidana. Da ta dawo ta faɗa mana Vicky ta ajiye cokali.

"Mama me ya kai ki? Ba an ce ki yi shiru ba?"

"Mitin kawai za a yi."

"Mutanen da ba su taɓa leƙo mu ba? Ki bari mu tashi mana, in ya so ki kira su can."

Mama ta ce, "Ke yarinya ce. Tun kafin a haife ki nake cin shinkafar mutanen nan a ƙofar gidajensu, ana zuwa kaina in ce ciwo. Sau ɗaya dai su zauna a ƙofar gidana su sha kununa kafin ya zama na wani. Sau ɗaya."

Vicky ta ce to Allah ya sa alheri, ta tashi ta bar abincin.

Ranar Lahadin muka aro bencina daga coci muka jera a gaban get, mama ta dafa shinkafa da nama ta dama kunu har da zobo, ta ɗaura zanen da take ajiyewa na Kirsimeti. Mutane suka fara zuwa suna wuce gidan, kango suke nema, sai na bi su da gudu in ce nan ne. Kowa sai ya riƙe baki. Ciyaman ɗinsu Baba Isaac, tsohon ɗan sanda ne, ya ce, "Matarmu, ashe ɓoye mana kike yi!" Mama tana ta dariya tana rufe baki da gefen ɗankwali, ban taɓa ganinta haka ba.

Sai ga Baba Wilson. Da ƙyar na gane shi, ya rame, rigar jikinsa ta yi masa yawa da gani wani ne ya ba shi. An ƙona gidansa a rikicin ba su fita da komai ba, shi da matarsa da yara a wani ajin makarantar coci suke kwana a Kakuri. Mama ta ji tausayinsa ta ƙara masa nama ta ce, "Mijina zauna ka ci," haka take kiransa da wasa don ƙanin miji ne. Bai zauna ba. Ya bi bango yana shafawa, ya ƙwanƙwasa get, ya ce zai zaga bayi ya shiga ciki, ni na gan shi yana tura ƙofar ɗakuna ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa.

Aka yi addu'a aka yi maganganunsu aka ci aka sha. Da ciyaman ya ce ko akwai mai sauran magana, sai na ga mama ta miƙe. Vicky ta damƙe mini hannu har ya yi zafi. A wurin mama ba a yin babban abu ba a gaya wa manya ba, haka aka tashe ta, gani take in ta sayar a ɓoye kamar sata ta yi.

Ta ɗan rusuna ta ce, "Iyayena, ina so in sanar da ku ku sa mini albarka. Gidan nan zan sayar, jikina ya gaji, zan koma can gaba in kama sana'ar zaune."



Baba Isaac ya ce, "Matarmu, wane gida?"

"Wannan Baba."

"Gidan wa?"

"Gidana."

"A'a. Gidan Ishaya dai. Zauna tukuna." Mama ba ta zauna ba. Ya ce, "Ke ba baƙuwa ba ce, kin san a garinmu mace ba ta sayar da gida. Da Allah ya ba ki namiji ko ɗaya ne da sai mu ce a jira shi ya girma. Waɗannan kuwa," ya nuna mu da baki, "gobe za su bi ta Grace su tafi gidan wasu. Gidan Ishaya na 'yan'uwan Ishaya ne."

Baba Wilson ya miƙe. Ya ce, "Matar yaya ni ban ce ba ki wahala ba. Amma yarana a kan benci suke kwana, in 'yan makaranta za su shigo da safe sai mu naɗe tabarma mu fita rana. Ga gidan yayana ciki ɗaya, a ce za a sayar wa bare ina raye?"

Mama ta ce, "Wilson ba kai ka ce a bar mini ba? A gaban kabarin yayanka, ba kai ka ce kango ne a bar wa matarmu ba?"

Ya ce, "Lokacin kango ne."

Haka ya faɗa, ko ƙifta ido bai yi ba.

Sai mama ta sa hannu ta fizge ɗankwalinta a gaban maza a gaban kowa, ta sunkuyar da kai ta nuna masu tsakiyar nan da ba gashi, fatar ta yi baƙi ta yi kanta kamar tafin ƙafa. Ta ce, "Ku duba. Baba duba da kyau. Wannan ne ya gina gidan, ba Ishaya ba, ba Wilson ba, ba garinku ba." Matan suka hau ihu rufe rufe Maman Grace abin kunya ne, wata ta taso ta yafa mata gyale. Cikinsu babu wadda ta ce gaskiya ta faɗa, ko ɗaya, alhali akwai gwauraye irinta zaune a wurin. Baba Isaac ya ce za a aika ƙauye manya su zo, a rufe da addu'a. Aka rufe. Da za su tafi har da masu ƙulle sauran shinkafa a leda.

Kwana kaɗan muka dawo daga kasuwa da yamma muka tarar an yi rubutu a bangon gaba, manya manyan haruffa da jan fenti tun daga get har kwana, da Turanci, wai gidan nan ba na sayarwa ba ne a yi hattara da 'yan damfara. Fentin bai ma bushe ba yana tsiyaya a kan ruwan madarar nan. Mai faci ya ce Baba Wilson ne da babban ɗansa. Mama ta ɗebo kananzir da tsumma tana gogewa, abin sai ƙara yaɗuwa yake, Vicky ta ƙwace tsumman ta jefar.

Madam Scholastica ta zo da maigidanta kamar yadda aka yi, ko kashe mota ba su yi ba, suka karanta suka juya. Tagwai ya tsaya ya ce, "Mama na gaya miki. Gidan rigima ko kyauta ba mai karɓa." Bai sake dawowa ba.

Mama ta je wajen fasto ya ce maganar iyali ce a yi haƙuri Allah yana gani. Ta je wajen mai unguwa ya ce ku je ku sasanta a gida. Wani ya ce ta kai kotu, wani ya ce lauya zai cinye gidan da ita kanta kafin a gama, kuma ta san in ta kai dangin miji kotu ranar da ta mutu ba mai ɗaukar gawarta, mu ma ranar aurenmu ba wanda zai tsaya a matsayin uba. Wannan ne ya karya ta, ba tsoron Wilson ba.

Manya suka zo daga ƙauye, mama ce ma ta dafa masu abinci. Suka yanke cewa Wilson ya shigo ya riƙe gidan don zuri'a, ya ɗauki falo da ɗakunan gaba, mu a bar mana ɗakin baya na kusa da inda aladu suke da. Wani tsoho har yana cewa, "Kin gani, ba wanda ya kore ki, ki zauna har ranki. Ki gode." Mama ta durƙusa ta ce na gode. Na ji kamar in mutu.

Vicky ba ta iya zama ba, ta bi wata mata Abuja aikin gida. Ni makaranta ta tsaya, ina koyon kitso a wani shago. Aladu babu, adashi babu, duk suna jikin bango. Mama ta koma kankare da wuyan nan, in ta dawo sai na dafa ruwa na gasa mata tana cije zane don kada matar Wilson ta ji. Ba ma faɗa da su, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, kullum da safe Baba Wilson zai ce matar yaya ina kwana, ita kuma ta ce lafiya lau, ta daina dai ce masa mijina.

Yanzu da yake gidan ya fi na kusa da shi fitowa a bakin titi, ga jan get ga rubutu, sai masu bas suka mayar da wurin tasha. Gidan Wilson suke ce masa. Kana cikin mota za ka ji kwandasta yana gidan Wilson akwai? mutane su ce akwai. Rannan na biyo mama daga Barnawa, duk jikinta siminti ta jingina kai da gilashi, muna zuwa kwandasta ya ce gidan Wilson akwai? Na buɗe baki ta matse mini cinya. Mota ta wuce da mu muna kallon ƙofarmu, sai can mahaɗar gaba wajen masu katako ta ce a sauke mu, muka tako da ƙafa muka dawo. Ashe haka take yi kullum.